Tambaya da Amsa: Waƙar da ta Riƙe Faransa Mako Tara a 1988

A fitowar da ta gabata mun ambaci waƙar Nuit de folie a layi biyu kacal, cikin bayani kan waƙoƙin Faransanci da suka taɓa ratsa ƙasashen Afirka ta Yamma, sai ga wasiƙu sun yi ta shigowa a kanta, mafi yawansu daga Jamhuriyar Nijar. Mun zaɓi shida daga ciki, muka ware musu filin wannan mako.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon malamin makaranta ne, yanzu na yi ritaya. Lokacin da muke ɗalibai a Yamai a ƙarshen shekarun 1980, ba a yin bikin rufe makaranta ba tare da an sa wannan waƙa ba. Su wane ne suka yi ta, kuma da gaske ne ta yi zarra a can Faransa kamar yadda ake gaya mana a lokacin? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Abin da aka gaya muku gaskiya ne. Waƙar ta wasu Faransawa biyu ce, William Picard da Sacha Goëller, waɗanda suke fitowa da sunan Début de Soirée. Ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Faransa cikin watan Yuli na 1988, ta zauna a wurin mako tara, har cikin Satumba, kuma an sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya a ƙasar da yawan jama'arta a lokacin bai wuce miliyan 56 ba. Wadda ta sauke ta daga wannan matsayi ita ma ta mutum biyu ce, wato Un roman d'amitié, wadda Elsa ta rera tare da Ba'amurke Glenn Medeiros.

Abin da ya fi muhimmanci a sani game da waɗannan samari shi ne sana'arsu ta asali. Kafin sunansu ya fita, masu sa faifai ne a gidajen rawa na kudancin Faransa, aikin da yaran yanzu suke kira DJ, kuma duk wanda ya saurari waƙar da kunnen basira zai ji alamar wannan sana'a a cikinta daga farko har ƙarshe. Mutumin da ya daɗe yana tsaye a bayan na'ura, idonsa a kan fili, ya san abin da mawaƙin da ke rubutu a ɗaki bai sani ba. Ya san kiɗan da yake tayar da mutane daga kujeru da wanda yake mayar da su, ya san lokacin da taro ya fara gajiya, ya kuma san daidai gaɓar da jama'a suke so a sakar musu waƙa su ɗauka da bakinsu. Saboda haka suka gina ta a kan kiɗan fiyano da gangar na'ura mai bugu ɗaya da ba ya sauyawa, suka sa mata amshi mai maimaita kalma sau uku-uku, ta yadda ko wanda bai iya Faransanci sosai ba zai kama shi tun a ji na biyu. Ina kyautata zaton wannan ne ya sa ta yi muku daɗin sha'ani a Yamai kamar yadda ta yi wa mutanen Marseille.

Tambaya: Malam, kullum muna jin ana cewa waƙa kaza ta zama ta ɗaya a ƙasa kaza. Wane ne yake ƙidayawa, kuma me ake ƙidayawa? Ko dai kamfanoni ne kawai suke zama su zaɓi wadda suke so? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Tambayarka ta taɓa tushen maganar, ɗan'uwa, don haka zan ɗan tsawaita. Jadawalin da ake magana a kansa sunansa Top 50, kuma an fara shi ne ranar 4 ga Nuwamba, 1984, ranar da gidan talabijin na Canal+ ya fara aiki, tare da haɗin gwiwar gidan rediyon Europe 1. Marc Toesca ne mai gabatar da shirin, kuma ko da yake Canal+ tasha ce ta biyan kuɗi, ana nuna wannan shiri a buɗe domin kowa ya gani. Waƙar farko da ta hau matsayi na ɗaya a cikinsa ma ta mutum biyu ce, Peter da Sloane.

Kafin zuwan Top 50, kowane babban gidan rediyo yana da nasa jerin, wanda yake haɗawa daga wasiƙu da wayar masu sauraro da kuma son ran masu shirya shiri, abin da ya sa zargin da ka yi yake da gurbi a wancan zamani. Sabon tsarin ya canza ma'auni: aka koma ƙidaya faifan da aka saya da kuɗi a cikin mako, daga wasu zaɓaɓɓun shaguna da manyan kantuna da aka ɗauka a matsayin wakilan kasuwar ƙasa, ƙarƙashin ƙungiyar kamfanonin faifai ta Faransa, SNEP. Faifan da ake ƙidayawa kuwa shi ne ƙaramin baƙin faifan nan na garmaho mai juyi 45 a minti ɗaya, waƙa ɗaya a fuska ɗaya, wata a bayanta. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu takan bi mahaifiyarta cefanen ranar Asabar, ta tsaya a gefen kantin inda aka jera faifai hamsin bisa lambobinsu, ta zaro guda ta jefa cikin keken sayayya a kan madara da taliya, kuma wannan faifai nata daidai yake a lissafi da na babban masanin kiɗa a Paris.

Sakamakon haka ya ba masana mamaki, ya kuma ɓata wa wasunsu rai. Mawaƙan da jaridun babban birni suke yabo sun riƙa samun kansu a ƙasan jeri, yayin da waɗanda ba a san su ba, 'yan larduna masu ƙananan kamfanoni, suka riƙa hayewa sama. Début de Soirée suna cikin wannan rukuni. A ganina wannan shi ne amfanin jadawalin na gaskiya, domin ya tilasta wa masu faɗa a ji su ga abin da talakan ƙasar yake fitar da kuɗinsa a kai, ko ya yi musu daɗi ko bai yi ba.

Sai dai kada ka ɗora wa jadawali abin da ba zai iya ɗauka ba. Abin da yake faɗa shi ne faifai nawa aka saya a mako kaza a ƙasa kaza, shi ke nan. Ba ya auna kyawun waƙa, ba ya kuma ƙidaya mai sauraron da bai saya ba. Duk wanda ya naɗi waƙar daga rediyo a kaset, ko ya kwafa daga kaset ɗin abokinsa, bai shiga lissafi ba, kuma dukan ɗaliban da mai tambaya na farko ya ba mu labarinsu a Yamai ba su ƙara wa waƙar ko lamba ɗaya ba. Kamfani kuma yana da hanyoyin tura waƙarsa, ta talla da kusantar gidajen rediyo da cika shaguna da faifai, ko da yake ba zai iya tilasta wa mutum miliyan ɗaya su sa hannu a aljihu ba. Irin wannan giɓi mun san shi a gida: waƙar Hausa takan cika gidajen biki daga Kano har Damagaram, amma da yake ta hannun masu tura waƙa a waya take yawo, babu takardar da za ta nuna adadin waɗanda suka ji ta, kuma jadawalin TurnTable da aka fara a Nijeriya a 2020 yana ƙidaya abin da ya bi ta intanet da gidajen rediyo da talabijin ne.

Tambaya: Gaisuwa da fatan alheri. Me ya sa Turawa suke ware waƙar lokacin zafi daban, har suna ba ta muhimmanci fiye da waƙar da ta fito a wani lokaci na shekara? Daga wata mai karatu a Garwa, Kamaru.

Amsa: Malama, amsar tana cikin tsarin hutun Faransawa. Watannin Yuli da Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina da aikin gona, su ne watannin da rana take daɗewa ba ta faɗi ba a can, makarantu suna rufe, ma'aikata kuma suna ɗaukar hutunsu na shekara. Tun 1936, zamanin gwamnatin Léon Blum, doka ta ba ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa, aka yi ta ƙarawa har ya kai mako biyar a 1982. Saboda haka a waɗannan watanni miliyoyin mutane suke barin garuruwansu a lokaci guda, su nufi bakin teku, musamman gaɓar Bahar Rum da ta Atlantika, da yawansu kuma a sansanonin tantuna suke sauka domin sun fi otal araha.

A irin wannan sansani, mutumin Lille da na Lyon da na Strasbourg suna kwana kusa da juna, da yamma kuma a share fili a kunna kiɗa, yara da iyaye da kakanni duk su fito. Ga bukukuwan dare na ƙauyuka, ga raye-rayen 14 ga Yuli na ranar ƙasa, ga rediyon mota a doguwar tafiya. Waƙar da ta samu shiga wannan zagaye ana jin ta sau da yawa a rana, idan hutu ya ƙare kuma kowa ya koma garinsu da ita a baki, ya je ya sayi faifan domin tuna hutun. A shekarun 1980 an samu ƙarin abin da ya taimaka, domin bayan hawan François Mitterrand mulki a 1981 an halatta gidajen rediyo masu zaman kansu, sai tashoshin FM na matasa irin su NRJ suka yawaita, kuma waƙar rawa ce abincinsu.

Nuit de folie ta hau wannan hanya ne daga gidajen rawa, inda masu ita suka fito. Shekara guda bayanta aka ga wani salo na daban, wanda ya nuna cewa 'yan kasuwa sun gane akwai kuɗi a lamarin. A 1989 tashar TF1, tare da kamfanin lemon kwalba na Orangina, ta ɗauki waƙar Lambada ta ƙungiyar Kaoma ta riƙa nuna ta dare da rana, har ta yi mako 12 a matsayi na ɗaya, daga baya kuma ta bayyana cewa karin waƙar na ƙungiyar Los Kjarkas ce ta ƙasar Bolibiya, aka ɗauka ba da izini ba, sai da aka mayar musu da haƙƙinsu. Daga nan ya zama al'ada tashoshin talabijin su zaɓi waƙar da za su tura tun kafin zafi ya shigo.

Tambaya: Malam, jikokina sun samo wannan waƙa a waya suna ta sa ta a gida, ni kuwa ba na jin Faransanci. An ce mini sunanta yana nufin daren hauka. Me take cewa, kuma akwai batsa a ciki? Daga wata Hajiya a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya jikoki. Babu batsa a cikin kalmominta. Waƙa ce a kan kiɗa da rawa: tana farawa da cewa kiɗa ba shi da lokacin da aka ware masa a shekara, sannan ta juya ga mai sauraro tana kwatanta shi yana rera amshin da yake so, yana tafi, kiɗa yana jan sa har ƙarshen dare. Haukan da ake nufi shi ne na murna da annashuwa. Amma fa yanayin da take kwatantawa na gidan rawa ne da raba dare, don haka hukuncin ko ta dace da gidanki yana hannunki. Idan kuma ra'ayina kike so a kan ingancinta a matsayin waƙa, to baitocinta ba su da zurfi, kuma wanda ya saba da azancin manyan mawaƙa ba zai samu abin taunawa a ciki ba. Ƙarfinta duka yana cikin amshi.

Tambaya: Ina suka shiga bayan wannan nasara? Ban ƙara jin sunansu ba. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ba su ɓace nan take ba, kamar yadda ake yawan zato. Waƙarsu ta gaba, La Vie la nuit, ta kai matsayi na biyu, abin da mawaƙa da yawa suke ƙarewa ba su samu ba, sun kuma fitar da kundi mai suna Jardins d'enfants a 1989. Bayan haka kasuwarsu ta yi ta raguwa, farkon shekarun 1990 kuma ɗanɗanon matasa ya koma wasu salon kiɗa, ƙaramin faifan garmaho da kansa ya ba faifan CD wuri, shirin Top 50 ma ya bar Canal+ a 1993.

Matsalar mai irin wannan waƙa ita ce jama'a sun ɗaure shi da wata biyu na rayuwarsu. Abin da suke so a wurinsa shi ne ya dawo musu da hutun 1988, sabuwar waƙarsa kuwa, komai kyanta, ba za ta iya yin haka ba. Ga misali daga shekarar kanta: wasu samari biyu, David da Jonathan, sun fitar da waƙa mai sanyi wadda take tambayar budurwa ko za ta zo hutu, ta tsaya a matsayi na uku ba ta kai na ɗaya ba, amma har yau Faransawa suna tuna ta tare da Nuit de folie, su ma kuma ba su daɗe tare ba bayan haka. Mory Kanté na ƙasar Gini, wanda waƙarsa Yé ké yé ké ta kai matsayi na biyar a Faransa a wannan shekara ta kuma zama ta ɗaya a Holan, ya fi su samun sauƙin lamarin, domin shi gadon kiɗa ya yi, da kayan kiɗansa mai tsirkiya da ake kira kora, da sunansa tun kafin Turai ta san shi, kuma ya ci gaba da sana'arsa har rasuwarsa a Konakiri a 2020.

Sai dai tsufan masu sauraro ya zama wa Début de Soirée wata kasuwa. Yaran da suka sayi faifan a 1988 sun girma sun samu abin hannu, sai aka fara shirya manyan wasanni na yawo gari-gari da mawaƙan shekarun 1980 tun daga tsakiyar shekarun 2000, ana cika manyan ɗakunan taro, har aka yi fim a kan lamarin a 2012 mai suna Stars 80, wanda suka fito a ciki. Kowane mawaƙi yakan hau dandamali ya rera waƙa ɗaya ko biyu da aka san shi da su ya sauka. Wasu suna ganin hakan ƙasƙanci ne ga mai fasaha, ni kuwa ban ga abin kunya ba ga mutumin da dubban mutane suke biyan kuɗi domin su taya shi amshi bayan shekara ashirin da wani abu. Waƙar kuma ta zauna daram a bukukuwan aure na Faransa, kuma duk lokacin da aka sa ta a bainar jama'a akwai kason da yake zuwa ga waɗanda suka rubuta ta, ta hannun SACEM, ƙungiyar da take karɓar haƙƙin marubuta waƙa da masu tsara kiɗa tun 1851.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a yau da kowa yake sauraro ta waya, shin mawaƙa biyu masu rera Faransanci za su iya maimaita irin wannan? Daga wani matashi a Zinder.

Amsa: Za su iya zama na ɗaya, kuma ana yi, amma ma'aunin ya sake. Yanzu SNEP tana haɗa sayarwa da sauraro ta intanet, kuma tun 2018 waƙa takan samu lambar zinariya ne idan ta kai kwatankwacin sauraro miliyan 15, ta platinum a miliyan 30, ta lu'ulu'u a miliyan 50. Wannan ya sa kwatanta adadin yau da na 1988 yake da wuya, domin a da mutum ɗaya faifai ɗaya yake saya a ƙidaya shi sau ɗaya ko da zai sa shi sau dubu, yanzu kuwa matashi ɗaya mai maimaita waƙa dare da rana yana ƙara mata lamba a kowane ji. Shi ya sa mawaƙan rap, waɗanda masoyansu suka fi kowa naci a waya, suka mamaye saman jadawalin Faransa a 'yan shekarun nan.

Akwai kuma wani tallafi da mawaƙan yau suke da shi wanda Début de Soirée ba su samu ba. Wata doka ta 1994, wadda ta fara aiki a 1996, ta wajabta wa gidajen rediyo masu zaman kansu su ware kashi 40 cikin ɗari na waƙoƙin da suke kunnawa ga waƙoƙin Faransanci, saboda tsoron da hukumomi suke yi na mamayar waƙoƙin Ingilishi. Nuit de folie ta yi nasararta shekara takwas kafin wannan kariya ta fara aiki, a kasuwar da Michael Jackson da Madonna suke ciki.

Mawaƙa bibbiyu kuwa ba su ƙare ba. Fréro Delavega, wato Jérémy Frérot da Florian Delavega, sun fito ta gasar waƙa ta talabijin mai suna The Voice a 2014, suka yi tashe da kiɗan jita mai sanyi irin na bakin teku, sannan suka rabu a 2017 suna tsakiyar ganiyarsu. Vitaa da Slimane, waɗanda kowannensu yake da sunansa tun da farko, sun haɗu sun fitar da kundin VersuS a 2019, ya kuma samu lambar lu'ulu'u. Abin da ya yi wuya a yau shi ne samun waƙa guda da kaka da jika za su sani a mako guda, domin a 1988 tashoshin talabijin na ƙasa ba su wuce shida ba, iyali kuma akwati ɗaya suke kallo a falo ɗaya, yanzu kuwa kowane ɗan gida yana da wayarsa da jerin waƙoƙin da manhaja ta zaɓar masa.